Kafin a ce gilashin kwamfuta ya mutu

Ƴan uwana malamai da iyayen yara, akwai wata asara da muke jawo wa kanmu a nan ƙasar Arewa ba gaira ba dalili. Da zarar fuskar kwamfutar tafi-da-gidanka ta fara ƙifce-ƙifce, ko layuka suka bayyana a kanta, sai mu ce gilashi ya mutu. Mai hali ya aika da ita Dosso, tafiyar fiye da kilomita 130 daga Dogonduci, ko ma Yamai. Marar hali ya jefa ta ƙarƙashin gado, alhali makin ɗalibai da tambayoyin jarrabawar gwaji ta BEPC duk suna ciki.

A ganina, sau da yawa gilashin lafiyarsa lau. Yawancin kwamfutocinmu na hannu ne, sun sha aiki a Turai kafin su iso mu. Nan kuma ƙurar hunturu ta toshe fankarsu, zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 ya gasa su, wutar injin ko ta hasken rana ta riƙa hawa da sauka. Saboda haka ga gwaji huɗu da kowa zai iya, ba tare da ya kwance ƙusa ko ɗaya ba.

Na farko, cire caja ka bar ta a kan batir. In ƙiftawar ta tsaya, matsalar daga cajar ce ko daga wutar. Cajar bogi araha gare ta, amma araha ba ta ado.

Na biyu, ɗaga murfin a hankali ka sauke. In hoton yana gyaruwa yana ɓaci gwargwadon motsin, to siririyar wayar da ta bi ta mahaɗin murfin ce ta saki ko ta tsage. Gyaranta bai kai sayen gilashi ba.

Na uku, haɗa ta da talabijin ta wayar HDMI. In hoto ya fito tas a can, cikin kwamfutar lafiya yake, laifin na gilashi ne ko na wayarsa. In can ma yana rawa, sauya gilashi zubar da kuɗi ne.

Na huɗu, a Windows danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. In komai na ƙiftawa ban da shi, wata manhaja ce da aka saka ke rikici, a cire ta. In har da shi, manhajar da ke sarrafa hoto ce ke son sabuntawa. A tuna kuma Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025.

Na san wani zai ce aikin mai gyara ne, malami ina ruwansa da wannan. Ba na cewa mu buɗe cikinta. Amma wanda ya je wurin mai gyara ya ce "na gwada da talabijin, hoto ya fito", ya rage masa lalube, ya kuma tsare aljihunsa. Malamin da ke Matankari ko Gesheme, in ya rasa kwamfutarsa mako biyu a ƙarshen zango, takardun sakamakon aji guda ne za su makara.

Iyaye kuma, kada ku bar yaro ya yi ta karatu a fuskar da ke ƙiftawa, musamman da dare. Tana gajiyar da ido, tana kawo ciwon kai, har ma tana iya tayar da ciwon wasu masu farfaɗiya.

Kirana ga kwamitocin CGDES na Dogonduci da Tibiri shi ne, duk lokacin da aka sayi kwamfuta ko aka samu kyautarta, a ware kuɗin caja ta gaske, jakar kare ƙura, da kile USB da za a riƙa kwafe maki a ciki kowane mako. A ranar taron malamai kuma, a ba wanda ya iya rabin awa ya nuna wa saura gwaje-gwajen nan huɗu. Allah ya sa mu dace.