A kashe lasifika, a shimfiɗa tabarma

A zangonninmu yanzu ba a cewa an yi biki sai an toshe hanya. Ka bi ta Nima ko Mamobi ranar Lahadi, ko Aboabo a Kumasi, za ka tarar da kanopi a tsakiyar titi, kujerun roba a jere, a gefe kuma an ɗora lasifiku bisa juna kamar buhunan masara a sito. Yaron da ke riƙe da kwamfuta shi ne sarkin taro. Dangi sun taso daga Tamale da Yendi, wasu har daga Lome, amma babu mai jin gaisuwar ɗan'uwansa. Sai dai ka ga baki yana motsi ka ce "lafiya lau", ko da rasuwa ake gaya maka.

Ni ba maƙiyin biki ba ne, kuma yaran nan masu saka waƙa abincinsu suke nema, Allah ya ba su sa'a. Abin da nake kira gare shi ƙarami ne ƙwarai. Mutum ya gayyaci abokai sha biyar ko ashirin zuwa tsakar gidansa, a ɗora tukunya, ya kira mai goge ko mai gurmi ko wani saurayi mai jita, a zauna a saurare shi da kunne, ba tare da an jona komai da lantarki ba. A ganina wannan ɗan zaman shi kaɗai ne wurin da ya rage wa irin waɗannan makaɗa. In ba mu buɗe musu shi ba, nan gaba kaɗan sai dai mu nuna wa jikoki hotonsu a waya.

Dalili kuwa yana jikin kayan kiɗan kansu. Goge ɓarin ƙwarya ne da aka rufe da fatar guza, tsirkiyarsa gashin wutsiyar doki. Gurmi ɗan duma ne mai tsirkiya biyu. Kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya zagaya duniya da shi, gwangwanin kifi ne da fata da tsirkiya ɗaya tal. An ƙera su ne daidai faɗin zaure, don mutanen da ke ganin yatsun makaɗi. Ka kai su gaban lasifika mai girman ƙofar shago, ɗayan biyu ne: ko a binne su, ko a manna musu makirufo su koma kukan sauro mai huda kunne. Kuma abin da ya fi zafi, kalmomin ne ke fara ɓacewa. Alhali waƙar irin waɗannan mutane magana ce: habaici, kirari, zambo, nasiha. Waƙar Karen Mota ta Ɗan Maraya ba ta rayu don a taka rawa da ita ba, ta rayu ne saboda mutane sun ji abin da ya faɗa a kan yaron mota, suka gane wani nasu a ciki.

To me ya rage wa mai goge a bikin yau? Ya zo ba gayyata, ya raɓe a bakin kanopi, ya jira a sauya waƙa ya samu minti biyu, wata hajiya ta manna masa sidi biyar a goshi don ya matsa. Ɗansa yana kallo. Gobe ka ce wa yaron nan ya zauna ya koyi ɗaure tsirkiya, zai ce maka gara ya nemi okada a Akra ko pragya a Kumasi, kuma wallahi ba zan ga laifinsa ba. Ba wai kayan kiɗan gargajiya sun rasa kasuwa a ƙasar nan ba ne. King Ayisoba da kologo, wanda ɗan'uwan gurminmu ne na jini, ya lashe kyautar waƙar da ta fi farin jini a Gana a 2007, ya kuma yi ta yawon wasa a Turai. Koo Nimo ya shafe shekaru a Kumasi yana tara jama'a da jita ba lantarki. Farafara da Asante sun riƙe nasu. Mu ne muka bar namu a bakin kanopi.

Wani zai ce ai wannan zama da nake faɗa al'adar Turawa ce. E, suna yi. A Landan a 2009 wasu abokai sun gaji da zuwa wuraren wasa inda surutun 'yan kallo ke danne mawaƙi, suka kira shi falo suka zauna a ƙasa. Daga nan aka samu Sofar Sounds, da yanzu ke shirya irin wannan zama a birane da yawa na duniya. Amma su ƙosawa ce ta kai su ga abin da iyayenmu mata suka taso a cikinsa. Kiɗan ƙwarya fa? A kife ƙwarya a kan ruwa a cikin baho, a samu 'yan sanduna, mata zalla a cikin gida, wata ta bayar sauran su amsa. Da irin wannan kiɗa na amada Barmani Choge ta yi suna har ta rasu a 2013. Ba tikiti, ba janareto, ba ruwansu da dumso. Ko a shekarun da wuta ta fi wahalar da mu, wajen 2015, da mai ƙwarya da mai goge babu wanda aikinsa ya tsaya.

Akwai kuma maganar harshe, wadda ita ce ta fi damuna. 'Ya'yanmu suna jin Hausa, amma Hausar aike ce: je ka sayo, kawo canji, rufe ƙofa. Sauran rayuwarsu da Tiwi da Turanci suke yinta, kuma ba aibu ba ne, ƙasarsu ce. Sai dai zurfin harshe a waƙa yake kwana. Yaron da ya zauna taku biyu daga mawaƙi, ya ga manya sun fashe da dariya a kan wata kalma, dole ya ja rigar babansa ya ce "me ya ce?" Wannan tambayar babu makarantar da za ta sa shi ya yi ta. A gindin lasifika kuwa ko ya tambaya ba mai jin sa.

Yanzu ga inda nake da faɗa da masu kyakkyawar niyya. Na ga mutanen da suka shirya irin wannan zama da zuciya ɗaya, suka kashe kuɗi a kan kaji da lemo, sannan da aka tashi suka sallami makaɗin da ragowar abinci a leda da "Allah ya saka". Wannan cin amana ne da aka yi wa ado. Mutumin nan ya bar gidansa, ya shiga trotro biyu rungume da goge kada a taka masa, wataƙila ma ya tsaya ya gasa fatar a bakin wuta saboda raɓar Akra tana sa ta saki. Aiki ya zo yi. A yi ciniki da shi tun kafin ranar, a faɗi kuɗi baki da baki, a ba shi rabi a hannu ko ta MoMo, kuɗin mota daban. Mai gida ne ke da alhakin wannan, ko da baƙi uku ne suka zo. Abin da baƙi suka ƙara kyauta ce a kai, kuma gara a zagaya da faranti sau ɗaya a tsakiyar zama da a riƙa tashi ana liƙi. Liƙi yana lalata waƙa: da zarar mawaƙi ya gane daga wane aljihu kuɗi ke fita, sai ya bar labarin da ya ɗauko ya koma kirarin Alhaji da kakannin Alhaji, sauran jama'a su zama 'yan rakiya. Wanda aka riga aka biya yana da 'yancin ya rera abin da ya ga dama, har ya ɗan taɓa mai gidan da habaici, a yi dariya a wuce.

In kuɗin ya yi wa mutum ɗaya nauyi, ai mun san adashi. Gida biyar su haɗa, wannan wata a nan, wata mai zuwa a can.

Abinci kuma kada a mai da shi gasa. Tukunya ɗaya ta wadatar. Waakye, wato shinkafa da wakenmu da duk Gana ta karɓe har da sunan, a dafa da karan dafi ya yi ja, ga shito, ga wagashi ga wanda ya samu. Ko tuwon zafi da miyar ayoyo. Sobolo a jarka. Sharaɗina ɗaya ne: a ci a gama kafin a taɓa tsirkiya, kuma a fara zuba wa makaɗi, ya ci tare da mutane a tabarma ɗaya, ba a bayan ƙofa ba. Ƙarar cokali a kan faranti ta ishe ta kashe gurmi. Abin da ya dace da lokacin kiɗa shi ne ataya, don ita ma ba ta son gaggawa. Samarinmu na bes sun san aikin. Kofi uku ne, to a raba zaman uku: a sha na farko mai ɗaci a ji waƙa uku ko huɗu, a huta a yi hira, a kawo na biyu. Kafin a kai na ukun mai zaƙi za ka ga wanda ya zo yana kumbure-kumbure shi ke amshi.

Na san akwai mai karatu da tun sakin layi na biyu yake cewa "to hukuncin kiɗan fa?" Akwai malaman da suka haramta kayan kiɗa masu tsirkiya, akwai waɗanda suka sassauta da sharuɗɗa. Saɓanin ya girme mu duka, ni kuma ba a nan zan raba gardamar ba. Wanda ya riƙi fahimta ta farko, ina girmama shi, kuma zaman bai kuɓuce masa ba: a samu mai murya ya rera rubutacciyar waƙa da baki zalla. A ƙasar nan Alhaji Umaru ya zauna, a Salaga sannan a Kete Karaci inda ya rasu a 1934, ya bar waƙoƙin Hausa da na Larabci. Mu nawa ne muka taɓa jin an rera ko ɗaya a gidajenmu? Wanda ban gane masa ba shi ne mutumin da zai kori mai goge daga ƙofarsa da sunan tsoron Allah, sannan ranar auren 'yarsa ya yi hayar lasifika takwas, a kwana ana saka abin da shi kansa ba zai iya maimaitawa a gaban surukinsa ba. A tsakar gidanka kai ke da iko: ka san duk wanda ya shigo, babu kwalba, mata da maza kowa da tabarmarsa in haka gidan ya saba, kuma ba a fara ba sai an sallame isha'i.

Sauran ƙorafin na wuri ne. Yawancinmu a gidan haya muke, ɗaki da falo, tsakar gida ta iyali goma ce, igiyar shanya ta ratsa ko'ina. Gaskiya ne. Amma mutum ashirin a tabarma ba su kai filin da kanopi ɗaya ke ci ba, kuma katangun da suka kewaye tsakar gida suna riƙe sauti fiye da fili. Abin da ake bukata shi ne baki. Kwana uku kafin ranar ka bi ɗaki ɗaki ka faɗa, ka fara da mai gidan. Maƙwabciyarka 'yar coci da mijinta, su ne baƙin farko da za ka gayyata, kuma kwanonsu ne zai fara fita daga madafa.

Wannan ba ladabi kaɗai ba ne, akwai lissafi a ciki. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi ba mu cika kashi 20 cikin 100 na mutanen Gana ba, kuma maganar ƙara a birane magana ce mai zafi. Ba mu manta da 2018 ba, lokacin da ministan muhalli na wancan lokaci, Farfesa Frimpong-Boateng, ya kawo shawarar a riƙa kiran salla ta saƙon waya da WhatsApp, zango ya ɗauki zafi. Mun yi daidai da muka kare ladaninmu. Amma haƙurin maƙwabci kamar rijiya yake, yana da ƙasa. Wanda muka hana barci har ƙarfe biyun dare da waƙar biki, ranar da za a rubuta takardar ƙorafi ba zai tsaya bambance lasifikar biki da ta masallaci ba. Ƙa'idar hukumar kare muhalli ta EPA a unguwannin zama desibel 55 ce da rana, 48 daga ƙarfe goma na dare. Babu bikin titi ɗaya da ke kusa da wannan, kowa ya sani. Mai gurmi a tsakar gida kuwa, gida na uku ma ba lallai su san ana yi ba. A nan Akra isha'i ba ta cika wuce bakwai da rabi ba, don haka daga takwas zuwa goma awa biyu ne cur, kuma goma na yi a naɗe tabarma, ko da zaman ya yi daɗi. Musamman ma in ya yi daɗi.

Waya ma a yi mata magana tun farko. Ba kowace matar aure ce ke son ta wayi gari ta ga kanta a TikTok tana tafi ba. In makaɗin yana son a ɗauke shi don ya samu wasu gayyatar, mutum ɗaya ya ɗauki waƙa ɗaya, kyamara a kansa shi kaɗai, a tura masa ya yi yadda ya so da ita. Sauran wayoyi su koma aljihu.

Mutanen Akra kuma ku duba kalanda kafin ku sa rana. Kowace shekara, wajen Mayu zuwa Yuni, masarautar Ga tana hana kiɗa da hayaniya na tsawon wata guda kafin bikin Homowo, kuma hanin bai tsaya a kan lasifika ba, har ganga da tafi yana shafa. Ƙasarsu muke zaune, a bar ƙwarya ta huta a wannan watan. Mutanen Kumasi da Tamale ku wannan bai shafe ku ba, sai dai ku lura da hadari, don fatar goge ba ta shiri da ruwan sama.