Tauraro ya hango ƙura, Kurfai na jiran labari

Kowane hunturu ƙurar Bodele ta ƙasar Cadi kan turnuƙe Filinge da kewayenta, tari da sanƙarau su biyo baya. A 2015 sanƙarau ya kashe sama da mutum 500 a Nijar. Alhali kuwa taurarin ɗan'adam na Meteosat suna hango ƙurar tun daga tasowarta, kuma cibiyar ACMAD ta Yamai tana hasashen inda za ta dosa. To, ina amfanin hasashe in ya kwana cikin ofis da Faransanci? Muna kira ga hukumomi su riƙa yaɗa gargaɗin ta rediyo, da Hausa da Zabarmanci, domin 'yan kasuwar Lahadi su yi shiri, ma'aikatan lafiya su kintsa. Rigakafi ya fi magani.