Shanun laka da dodannin Nottingham: Wasan da muka yar, wasu suka mai da shi masana'anta

In dai kana yawo a TikTok ko Facebook da dare, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba. Hannu ɗaya riƙe da wani ɗan mitsitsin dodo da bai kai tsawon babban yatsa ba, ɗaya hannun kuma da burushi mai bakin allura. Ana shafa fenti a hankali, a bari ya bushe, a ƙara wani. Kafin bidiyon ya ƙare, ɗan guntun roba mai launin toka ya zama halitta mai jajayen idanu da haƙora zaƙo-zaƙo, kai ka ce yanzu zai yi gurnani.

Da na je hutu gida Illela, na nuna wa ƙanina ɗan shekara goma sha ɗaya irin bidiyon. Ya kalla sau biyu, ya miƙo mani wayar ya ce: "Yaya, ai irin shanunmu na laka na, su dai sun samu fenti." Na yi dariya a lokacin, amma maganar ta ƙi fita raina. Yaron nan ya ga abin da mu manya muka kasa gani, saboda mun saba ɗaukar duk abin da ya fito daga waya a matsayin abin wasu.

Bari mu fara da mene ne abin. A Turai da Amurka akwai wasannin kan tebur da ake yi da ƙananan mutum-mutumi na sojoji da dodanni, galibi tsawonsu milimita 28 zuwa 32. Ana jera runduna biyu a kan tebur, a auna tafiyar kowane soja da tef ɗin awo, a jefa ƙwayar ludo don a san wanda ya yi nasara a kowace arangama. Ba a fente ake sayar da su ba. Kai za ka yanko gaɓoɓin daga jikin roba, ka haɗa da gam, ka fesa shimfiɗar fenti baƙa ko fara, ka sa launin kowane sashe, sannan ka zuba wani fenti mai ruwa-ruwa da ke gangarawa cikin lunguna ya ba da inuwa. Daga nan ka goge burushi har ya kusa bushewa, ka shafa a kan tudun jiki don haske ya fito. A ƙarshe ka manna yashi a gindi ya zama ƙasa. Guda ɗaya na iya cin yini guda, kuma ga mutane da yawa fentin ya fi wasan kansa daɗi.

Tushen masana'antar dodannin ta yau bai wuce shekara hamsin da 'yan kai ba. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a Amurka. A 1975 aka kafa kamfanin Games Workshop a Landan, wanda ya fitar da wasan Warhammer a 1983, sai Warhammer 40,000 a 1987. Yau hedikwatarsa da masana'antarsa suna birnin Nottingham na Ingila. Cinikinsa na shekara ya haura fam miliyan 500, kuma a watan Disambar 2024 ya shiga jerin FTSE 100, wato manyan kamfanoni ɗari na kasuwar hannun jari ta Landan, sahu ɗaya da bankuna da kamfanonin mai. A wannan watan ne kuma aka tabbatar da yarjejeniyarsa da Amazon ta yin fina-finai a kan labaran wasan. Duk wannan fa daga 'yan dodannin roba.

To, kada wani ya ɗauka ina cewa mu ruga mu saya. Akwati ɗaya mai sojoji goma ya haura fam 30, ban da fenti da burushi da kuɗin kawowa. A canjin 2024 da fam ɗaya ya kai naira dubu biyu, kuɗin ya kusa cinye mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Wanda zai yi haka a Illela, ko dai kuɗi sun yi masa yawa ko kuma yana bukatar addu'a.

Abin dubawa shi ne abin da kamfanin ke sayarwa a zahiri. Robar da ke cikin akwatin ba ta kai ko kusa da kuɗin ba. Abubuwa huɗu ya ɗaure wuri guda: labari mai zurfi da ke sa ka damu da dodon, ƙa'idojin wasa da kowa ya yarda da su, aikin hannu da ke sa ka ji abin naka ne, da kuma wurin haɗuwa inda za a ga aikinka a yaba. Tun 1987 suke gasar fenti mai suna Golden Demon, wadda masu fenti daga ƙasashe daban-daban ke shafe watanni suna shirya mata.

Yanzu ka juyo gida ka ƙirga. Labari? Muna da Dodo, muna da Gizo da Ƙoƙi da Botorami, muna da macijin rijiyar Kusugu ta Daura. Dodonmu ma har fita waje ya yi: a Wagadugu ta Burkina Faso yara na yin wasan Dodo da azumi, suna sa fuskokin dabbobi suna bin gida-gida kamar tashe, kuma ana danganta asalin wasan ga fataken Hausawa. Ƙa'idojin wasa? Ga dara nan, gurbi talatin, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, ka jera uku ka ci na abokin karawa. Dattawa na yin ta a gindin bishiya daga nan har Kwanni, ba data, ba caji.

Aikin hannu kuwa, duk wanda ya tashi a Illela ya san shi. Ranar Lahadi mu je kara mu ƙare wa shanu kallo, jajayen na Bororo masu dogayen ƙahoni da Gudali masu tozo, washegari mu ɗebo laka a bakin kududdufi mu gina namu, mu soka ƙaya a matsayin ƙaho, mu shanya a rana. Wasu su yi mota da karan dawa, wasu da langa-langa da tayar silifas. Ba wanda ya koya mana awo, amma in tozon sanka ya karkace sai an yi maka dariya. Hannun da ke zana lalle ranar biki, da na baduku mai rina jar fatar Sakkwato, da na mai zanen jikin babbar mota, duk irin natsuwar da mai fentin Nottingham ke taƙama da ita ce.

Na huɗun ne ba mu da shi. Babu inda yaro zai kai san lakarsa a ce masa ya yi kyau, gyara nan, dawo mako mai zuwa. Da ya kai shekara goma sha biyu sai a ce ya girma. Ni kaina na tuna ranar da wani kawuna ya tarar da ni cikin laka ya ce: "Wanga ba aikin ɗiyan kirki ba na." Daga ranar na bari. Abin da ya maye gurbin lakar shi ne waya, kuma waya kallo take koya maka. Awa uku kana jan allo da yatsa, ka tashi ba abin da za ka nuna sai jan ido da ƙarewar data.

Akwai maganar da ba za a tsallake ba, musamman a ƙasar Shehu: hukuncin sura. Hadisai ingantattu sun yi gargaɗi mai tsanani a kan ƙera surar abu mai rai, kuma malaman Malikiyya sun fi tsanantawa a kan sura mai inuwa wadda gaɓoɓinta suka cika. Sun keɓe 'yar tsanar yara mata, saboda Nana A'isha ta yi wasa da su. Abu Dawud ma ya ruwaito cewa a cikin kayan wasanta akwai doki mai fukafukai biyu, da Manzon Allah (SAW) ya tambaye ta ta kafa hujja da dawakan Annabi Sulaiman, ya yi dariya. Amma wasan yarinya daban, ƙato ya cika shago da dodanni daban. Haka ita ma ƙwayar ludo akwai hadisin da ya yi hani a kan wasa da ita. Ni ɗalibin aikin jarida ne, ba mai fatawa ba. Wanda abin ya shafa ya je ya zauna da malaminsa.

Sai dai ko da ka ɗauki ra'ayi mafi tsanani, ƙofa ba ta rufe ba. Kaso mai yawa na wannan sana'a ba shi da alaƙa da abu mai rai: gidaje, ganuwa, bishiyoyi, rijiyoyi, motoci, duk abin da ake shimfiɗawa a kan tebur ya zama filin wasa. Wa ya hana a gina ƙaramar hasumiyar Gobarau, ko masallacin Agadas, ko ganuwar Surame ta Kanta, da laka da kwali da fenti? Wa ya hana a ƙirƙiri wasan ayari, inda kowane ɗan wasa madugu ne da zai kai kaya daga Illela zuwa Agadas ya dawo da gishirin Bilma, yana lissafin ruwa da guzuri da haraji a hanya? 'Ya'yan wasan su zama tutoci da buhuna da mangul, kati ya maye gurbin ƙwaya. Dara ta shekara ɗaruruwa da tsinke da tsakuwa, ba ta taɓa bukatar fuska ba.

Na san abin da wani zai ce: mutane na fama da 'yan bindiga da tsadar abinci, kai kana zancen fenti? Gaskiya ne, fenti ba ya korar ɗan bindiga. Amma mu tuna yadda garin nan ya kasance da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. 'Yan dako da 'yan kabu-kabu da masu canjin sefa suka wayi gari ba abin yi, saboda kusan duk abincinmu a kan hanya ɗaya yake. Garin da matasansa suka iya ɗauka da saukewa kaɗai, sa hannun mutum ɗaya a Abuja ko Yamai ya isa ya zaunar da shi. Duk sana'ar da ke cikin yatsun mutum, komai ƙanƙantarta, shingen kwastan ba ya tare ta.

Kuma ba mafarki ba ne a Nijeriya. A Abuja akwai kamfanin NIBCARD Games na Kenechukwu Ogbuagu, wanda ke ƙirƙira da buga wasannin kan tebur a cikin gida, yana kuma shirya taron masu wasannin duk shekara. A 2021 ya ci lambar Diana Jones, ɗaya daga cikin lambobin yabo da ake ji da su a wannan fage a duniya. In kuma kana ganin laka abin rainawa ce, ciro naira ashirin ka juya bayanta. Matar da ke wurin, Ladi Kwali, tukwane take ginawa.

Abin da nake ba mu shawara ba ya bukatar gwamnati. Masu gidan kallon ƙwallo, ranar da ba wasa ku ba yara benci biyu su baje abin da suka ƙera. Malaman firamare da na Islamiyya, gasar gina ƙaramin gida ko mota sau ɗaya a zango ba za ta ci kuɗin kirki ba. Mu kuma masu waya, maimakon tura bidiyon Bature yana fenti, mu ɗauki na yaran unguwarmu, mu sa sunan garin a kai.

Kafin na dawo makaranta na saya wa ƙanina ƙananan gwangwanayen fenti uku, ja da fari da baƙi, da burushi ɗaya. Shekaranjiya aka turo mani hoto a WhatsApp: ya gina shingen kan iyaka da kwali, da sandar da ake ɗagawa, da manyan motoci huɗu na kara sun yi layi ɗauke da albasa. Ya ce in tambaya masa, a ina ake samun kore.