Yaran Khartum suna buƙatar mai karanta rubutunsu

Yaƙin da ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tarwatsa ajujuwa kafin ya rusa gine-gine. A watan Oktoba na wannan shekarar UNICEF ta ce yara kusan miliyan 19 ba sa zuwa makaranta. Ɗaliban aji ɗaya a Umdurman sun watse, wasu Alƙahira, wasu Atbara ko Port Sudan, wasu kuma ba su taɓa barin yankin Karari na Umdurman ba. Tun da sojoji suka karɓe Khartum a Maris 2025 jama'a suke komawa gida, kuma ina ganin malamin da ya fi kowa gane halin da ake ciki shi ne wanda ya fara sa ɗalibansa rubutu domin 'yan ajinsu na nesa su karanta ta waya, su maido amsa.

Yaron da ya shekara biyu bai riƙe alƙalami ba, kwafar darasi daga allo ba za ta dawo masa da hannunsa ba, domin kwafa ba ta sa shi neman kalma. Amma a ce masa ya bayyana wa abokinsa da ke Masar yadda ake layin abinci a takiyya, wato wurin dafa abincin sadaka na unguwa, ko halin da kasuwar Umdurman take ciki, nan take zai tsaya ya zaɓi magana, don ya san za a tambaye shi abin da bai fito fili ba. Malami kuma ya sami ƙofar gyara nahawu a kan jimlar da yaron ya damu da ita. Sudan ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Jami'ar Ahfad ta Umdurman, tare da ma'aikatar ilimi da ƙungiyar War Child, ta koyar da lissafi ta ƙaramar kwamfutar hannu mai caji da hasken rana a ƙauyukan da ba su da makaranta. Sai dai lissafi na'ura tana iya duba shi, rubutu kuwa sai mutum ya karanta.

Za a ce ina wuta, ina intanet? Tambaya ce mai nauyi a ƙasar da aka katse intanet sama da wata guda bayan 3 ga Yuni 2019, aka sake katsewa bayan juyin mulkin Oktoba 2021, sadarwa kuma ta ɗauke a Fabrairu 2024. Shi ya sa rubutun zai fara a takarda. Wayar malami guda ɗaya ta isa ta ɗauki hoton shafuka ta tura a WhatsApp ranar da layin Zain ko Sudani ya kama.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tsaro. A wannan yaƙi an sha bincika wayoyin mutane a shingaye, kuma zargin haɗa baki da abokan gaba ya ci rayuka. Yaro ba ya sanin jimlar da za ta jefa mahaifinsa cikin masifa. Saboda haka kada rubutun ya fita daga rukunin aji, ba cikakken suna, ba hoton fuska ko ƙofar gida, kuma kowane shafi ya bi ta hannun malami da yardar iyaye. Malamin da ba zai iya wannan tsantseni ba gara ya haƙura da waya, yara su karanta wa juna a cikin aji.

Masu cewa jarrabawar kammala sakandare ce gaba, ba su da dalilin fargaba, domin wanda ya saba tsara tunaninsa a shafi ya fi mai hadda iya amsa tambayar insha'i. Nauyin dai kan malami yake, mutumin da ya yi watanni ba albashi, wanda zai zauna bayan isha'i yana duba takardu. Masu ba da agaji suna son sayen na'urori saboda ana iya ƙirga su a rahoto. Kafin nan a biya malamin haƙƙinsa, a sa wa makarantarsa farantin sola guda, a ba shi kuɗin data na wata.