Kason Arzikin Mai: Jama'ar Tarauni Na Da Haƙƙin Sani

Duk da cewa babu rijiyar mai a Tarauni, wani kaso na kuɗin ɗanyen man da ake haƙowa a yankin Neja Delta na ƙaramar hukumar ne, domin kowane wata kwamitin rabon arzikin ƙasa, wato FAAC, yana raba abin da ya shiga asusun tarayya tsakanin matakan gwamnati uku. Hukumar NEITI, wadda dokar shekarar 2007 ta ɗora wa alhakin bin diddigin kuɗin mai da ma'adinai, tana kwatanta abin da kamfanoni suka ce sun biya da abin da gwamnati ta ce ta karɓa, sai dai wannan bincike ba ya sauka har matakin unguwa, inda mazauna Gyaɗi-Gyaɗi ke auna gwamnati da kwatar da ta toshe da damina da kuma famfon da ya kafe.

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, babu sauran hujjar rufe lissafi. Wajibi ne a riƙa liƙa abin da aka karɓa da abin da aka kashe a ƙofar sakatariya duk ƙarshen wata, da harshen Hausa, domin mai unguwa da ɗan kasuwa su karanta.