Na'urar Gano Wuri a Daji: Wacce Ya Kamata Makaranta Ta Saya?

Duk malamin da ya taɓa fita da ɗalibai zuwa daji domin nazarin halittu ya san irin takaicin da kan biyo bayan tafiyar. An sha rana, an ƙirga bishiyoyi, an tsinko ganyaye an danne su a tsakanin tsofaffin jaridu, an dawo makaranta da murna. Shekara ta zagayo, wani aji ya tashi zai koma ya duba ko abin da aka gani bara yana nan, sai a buɗe littafin rubutu a tarar abin da aka faɗa game da wurin bai wuce "bayan gari, kusa da wata babbar kuka" ba. To, kukoki nawa ne a bayan garin? Wataƙila ma an riga an sare ta. Wahalar bara ta tashi a banza ke nan, domin a ilmin halittu bayanin da ba za a iya komawa wurinsa a sake dubawa ba, da kaɗan ya fi jita-jita. Ko a ɗakunan adana busassun tsirrai na jami'o'i akwai tsofaffin samfura masu daraja waɗanda sunan gari kawai ke jikin takardarsu, har yau kuwa masana na fama da laluben ainihin inda aka tsinko su.

Maganin wannan matsala ya samu tuntuni, wato na'urar GPS ta hannu, wadda ba ta fi girman sabulun wanki ba. Abin da ya rage shi ne zaɓi, kuma a nan ne makarantu kan yi kuskure iri biyu: ko dai a ji tsoron tsada a haƙura gaba ɗaya, ko kuwa a kwashe kuɗin sashen kimiyya a sayo guda ɗaya mai tsadar gaske, a kulle ta a ofishin shugaban makaranta, ɗalibi bai taɓa riƙe ta ba har ya gama. Gaskiyar magana ita ce, mai araha ta wadatar da kusan duk aikin da makarantar sakandare za ta yi a daji. Dalilin haka yana cikin yadda na'urar ke aiki.

Taurarin ɗan'adam na GPS mallakar Amurka ne. An harba na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995. Suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a rana, kuma an tsara aƙalla 24 su kasance suna aiki a kowane lokaci. Kowane tauraro yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, yana ta shelar inda yake da lokacin da saƙonsa ya taso. Na'urar hannu tana saurare ne kawai. Tana auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, da yake kuwa yana tafiya da gudun haske, kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya, sai ta lissafa nisan tauraron. Idan ta ji daga huɗu ko fiye, ta san inda take. Ɗalibin lissafi zai so ya gwada wannan: kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan yana haifar da kuskuren mita 300 a ƙasa.

Ashe ke nan ɓangaren aikin mai tsada yana can sama, wasu sun riga sun biya, kuma mai araha da mai tsada taurari ɗaya suke saurare. Na'urar hannu ta farko da aka sayar wa jama'a, Magellan NAV 1000 ta 1989, ta kai kusan dala 3,000. A wancan zamani ma sojojin Amurka suna gurɓata saƙon da gangan, ta yadda farar hula kan iya samun kuskuren mita 100. A watan Mayu na 2000 aka daina wannan gurɓatawa, nan take kuskuren ya sauko zuwa wajen mita 10. Yanzu ƙaramar na'ura a fili, inda babu abin da ya tare sama, takan nuna wuri da kuskuren da bai wuce 'yan mitoci ba. Inuwar babbar ɗorawa ma ta fi wannan faɗi. Wanda ke son ya dawo gindin bishiyar da ya auna bara, ko bakin tafkin da ya ƙirga agwagin ruwa, ba ya buƙatar abin da ya fi haka. Awon santimita na masu safiyo ne da ke yanka filaye, su kuwa kayan aikinsu daban ne.

Me ƙarin kuɗin ke saya, tun da akwai na'urori masu kai dala 500 zuwa sama? Yawanci babbar fuska mai launi, da taswirorin da aka zuba a ciki, da hanyar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam wadda sai an riƙa biyan kuɗin wata. Taswirorin nan galibi an yi su ne domin masu yawon duwatsu a Turai da Amurka. Wanda ya shiga dajin Yankari ko fadamun Haɗeja da Nguru zai iya tarar da fuskar kusan fayau, babu burtali babu rafi. Ma'aunin tsawo mai aiki da nauyin iska yana da amfani ga mai hawa tsaunukan Gashaka Gumti, inda Chappal Waddi ya kai mita 2,419, domin GPS ta fi yin kuskure wajen auna tsawo fiye da auna wuri. Amma ga makarantar da ke shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Jigawa ado ne kawai. Abu ɗaya da ya cancanci a duba shi ne ko na'urar tana jin sauran taurari, wato GLONASS na Rasha, da Galileo na Tarayyar Turai da ya fara aiki a 2016, da BeiDou na Sin da ya kammala a 2020. A cikin kurmi, kamar na bakin kogin Gaji a Yankari, ko a gindin dutse, rabin sama a rufe yake, yawan taurarin da ake ji shi ke hana na'ura ɗimuwa. An yi sa'a, ƙananan na'urorin yanzu ma suna da wannan.

Batir shi ne ainihin abin da zai raba gardama, kuma shi ne abin da mai saye ya fi mantawa da shi a kanti. Na'urar da batirinta ke manne a ciki, sai an yi caji, ta dace da ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa. A ƙauyen da ke bakin daji, inda za a kwana uku babu lantarki, idan ta mutu ta mutu ke nan. Wadda ke aiki da ƙananan batura biyu masu lambar AA, irin na tocila da rediyo, ko a teburin mai kayan koli ranar kasuwar ƙauye za a sami abincinta. Jerin eTrex na kamfanin Garmin, alal misali, ya daɗe a kan wannan tsari: eTrex 10 takan yi kimanin awa 25 da batura biyu, eTrex SE da ta fito a 2023 kuwa kamfanin ya ce takan kai awa 168. Ba talla ake yi wa kowa ba, misali ne na abin da za a nema. Sai dai a kula, batura masu arhar banza ba sa jimawa, kuma idan aka bar su a ciki aka tafi dogon hutu sukan zubar da ruwa su cinye ƙarfen. Na'urori da yawa a makarantu haka suka mutu, ba a daji ba, a cikin durowa.

Bayan batir sai ƙwari. A nemi mai alamar IPX7, ma'ana za ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya har minti 30, wanda ya isa ga ruwan damina ko faɗawa daga kwalekwale a gefen fadama. A fifita mai maɓallai a kan wadda ake shafa fuskarta, domin yatsa mai gumi ko taɓo ba ya shiri da gilashi.

Mai karatu zai ce, ai wayar hannu ma tana da GPS. Haka ne, kuma ba ta buƙatar sabis ko kati kafin ta gano wuri, muddin an sauke taswira tun daga gida. Makarantar da ba ta da halin sayen komai kada ta fasa fita saboda haka. Wayar malami ta fi babu nesa ba kusa ba. Amma waya tana da rauninta. Kamfanin Apple ya ƙayyade cewa wayoyinsa su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a watan Afrilu zafin Nguru kan haura 40. Fuskarta na dusashewa a rana tsaka, cajinta na ƙarewa kafin la'asar, ga shi ita ce kuma abin kiran taimako idan wani abu ya faru. Wane malami ne kuma zai miƙa wayarsa ga yara goma sha biyar a bakin ruwa hankalinsa kwance?

Babban kuskure dai ba daga na'ura yake fitowa ba, daga mai riƙe da ita ne, kuma kuɗi ba sa maganinsa. Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne, an kasa shi minti 60. Na'ura na iya nuna wuri da digiri da minti, ko kuwa da digiri da ɗigo. Ɗalibin da ya ga digiri 10 da minti 30, ya kwafa a littafi a matsayin 10.30, ya kawar da bishiyarsa da kilomita 22, domin minti 30 rabin digiri ne, wato 10.50. Sai kuma batun tushen awo. GPS tana aiki da tsarin WGS 84, tsofaffin taswirorin safiyo na Nijeriya kuwa an zana su ne bisa tsarin Minna, bambancin da ke tsakaninsu a ƙasa yana kai wajen mita 80. Wanda ya ɗora lambobin wannan a kan taswirar wancan ba tare da ya juya su ba, zai ga rijiya a tsakiyar gona. Saboda haka a shafin farko na littafin fita daji a rubuta tsarin da aka saita na'urar a kai, kowa ya bi shi. Darasin awa ɗaya ne a filin ƙwallo, amma ya fi ƙarin dala 300 amfani.

Wajibi ne kuma a gaya wa ɗalibai abin da na'urar ba ta iyawa. Ba ta aika saƙo, don haka ba wanda zai san inda mai ita yake idan ya ɓata. Tana nuna miƙaƙƙiyar hanya zuwa mota, ba ta san akwai kwazazzabo ko garken giwaye a tsakani ba, balle ta san dajin da rashin tsaro ya hana shiga. Wannan sanin yana wurin ma'aikacin gandun daji da maharbi da makiyayin yankin, kuma matambayi ba ya ɓata. Kamfas da taswirar takarda su ma ba sa cin batir.

Idan ta gwanjo za a saya, babu laifi, amma a buɗe gidan batir a duba tsatsa, a fita da ita fili a ga ko za ta kama taurari cikin 'yan mintoci, a kuma duba kwanan watan da take nunawa, domin wasu tsofaffin na'urori sun rikice tun 6 ga Afrilu 2019, ranar da ƙidayar makonnin GPS ta koma sifiri. Kuɗin babba guda ɗaya kuwa gara a raba shi a sayi ƙanana uku, aji ya kasu rukuni-rukuni. Da su ɗaliban Haɗeja ko Gashuwa za su iya bin gefen kachala, ciyawar nan da ta toshe magudanan ruwa ta hana noma da su, suna ɗaukar lamba duk bayan taku hamsin, suna tsayawa minti ɗaya ko biyu kafin su rubuta domin lambar ta natsu. Ajin baɗi ya bi sawunsu da littafin nan a hannu, ya auna mita nawa ciyawar ta ci.