Idan Ciyaman Ya Ɗaga Hannun Kansila, Wa Zai Tambayi Ciyaman?

 Maganar da na kawo yau ta kujerar kansila ce, wannan ƙaramar kujera da yawancinmu ba mu ɗauke ta a bakin kome ba.

Gab da zaɓen ƙananan hukumomi na shekarar 2024, wata ranar Lahadi muna cikin sujada sai ga ciyaman ɗin ƙaramar hukumarmu ya shigo da jama'arsa. Aka ba shi wuri a gaba, yadda ya dace da shugaba. Lokacin sanarwa ya roƙi minti biyu. Ya yi alkawarin siminti domin ginin ajin Lahadi, aka yi tafi, mata suka rangaɗa guɗa. Kafin tafin ya lafa sai ya kira wani saurayi, ya ɗaga hannunsa sama, ya ce wannan ɗansa ne, shi yake so ya zama kansilan mazaɓarmu. Saurayin na san shi, tare muka yi ƙungiyar matasa, ba ni da mugun abin faɗa a kansa. Duk da haka na koma gida raina ba daɗi.

Mu tuna aikin kansila tukuna. Ciyaman ne ke kashe kuɗi, kansiloli kuwa su ne majalisar da ke duba kasafin da ya kawo, su amince ko su ƙi, su kuma tambaye shi ina kuɗin rijiya ya shiga. Tsarin mulki na 1999 ya sa kasuwa, da tasha, da maƙabarta, da kwashe shara a hannun ƙaramar hukuma, ya kuma ba ta rabo cikin kula da makarantun firamare da ɗakunan shan magani. Waɗannan su ne abubuwan da talaka ke taɓawa kowace safiya. To, mutumin da ciyaman ya saya wa fom, ya buga masa fosta, ya ɗaga hannunsa a gaban jama'a, da wane baki zai tashi a majalisa ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan lissafi bai cika ba"? In baki ya ci, ai ido sai ya ji kunya.

Wani dattijo ya ce mini ciyaman ma ɗan ƙasa ne, yana da ikon goyon bayan wanda yake so. Gaskiya ne, Baba, ban musa ba. Amma a wurinmu ɗaga hannu ba ya tsayawa kan shawara. Da zarar an ɗaga, zaɓen fid da gwani ya ƙare, sauran masu nema a ce su janye domin maslaha. Zaɓen gama-gari kuwa mun ga yadda ya kaya a watan Oktoba na 2024. A Kaduna APC ta kwashe ciyamomi 23 da kansiloli 255 kaf. A Filato PDP ta ɗauki ciyamomi 17 duka. A Kano NNPP ta cinye 44. Jam'iyyu uku, hali ɗaya. Inda jam'iyyar gwamna ke lashe kome, wanda ciyaman ya nuna da yatsa ya riga ya hau kujera tun ba a buga takardar ƙuri'a ba.

Mai karanta Littafi Mai Tsarki zai tuna da sarki Ahab a 1 Sarakuna sura 22. Annabawa wajen 400 suka taru suna faɗa masa abin da kunnensa ke so. Mikaiya kaɗai ya faɗi gaskiya, aka mare shi, aka jefa shi kurkuku, Ahab kuma ya tafi yaƙin da bai komo da rai ba. Ciyaman da ya cika majalisa da yaransa, kansa ma ya cuta. Ga shi kuma ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Duk inda kuɗi ya ƙaru, mai sa ido ake ƙara bukata.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wurin da aka yi abin. A cikin masu sujada ranar akwai wata uwa a zumuntar mata wadda ɗanta ma yana neman kujerar. Tana zaune aka yi wa wani guɗa a gidan Ubanta. Ta yi makonni ba ta zo sujada ba, sai da muka bi ta har gida.

Daga baya dattawan ikkilisiyarmu suka zauna suka tsai da shawara, ina kuwa roƙon sauran ikkilisiyoyi su duba ta. Shugaba in ya zo sujada a marabce shi, a yi masa addu'a, amma ba a miƙa masa makirfo domin gabatar da ɗan takara. Masu neman kansila, Kirista ko Musulmi, za a gayyace su duka ranar Asabar a filin makaranta, kowa ya zo da ƙafarsa ba tare da ubangida ba. Tambayar farko da za a yi wa kowannensu ita ce wa ya biya masa kuɗin fom.